Hausar da Aina'u Ta Koya wa Boila

"Maman Saudat, in boila ta fara fushi, me za a ce wa mijinki ya gane nan take?"

Yaya Aina'u ce ke tambayata. Tana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin darbejiyar gidanmu na haya a Sharaɗa, kwamfuta a kan cinyarta, ni kuma ina tsefe wa Saudat kai. Na ce a ce masa ya tuna yana da 'ya. Ta yi dariya har sai da ta dafe ƙirji.

Da sikila aka haife ta. Ɗakinta na kallon namu, kuma ita aka ɗauka ta gyara manhajar da ke lura da boila, wato babbar tukunyar tururi, a kamfanin sabulun da mijina Kamilu yake aiki. Kafin zuwanta manhajar ta taɓa tsayawa ba wanda ya sani, tururi ya saɓule fatar hannun wani abokin aikinsa, mutumin Maraɗi. Tun ranar, duk sanda Kamilu ya fita aiki sai in kasa cin abinci.

Ta yi min bayani yadda zan gane. Manhajar tana rubuta duk abin da ta gani, babba da ƙarami, a wuri ɗaya, har wurin ya cika ta shaƙe. Shi ne take saka mata wani laburare na logging, mai tsara rubutun hawa-hawa. Surutun yau da kullum ya tafi fayil, kowace rana da nata, tsohon ya goge kansa. Gargaɗi da haɗari kuwa su fito a allon da ke gefen boila. Manaja ya ce ta bar saƙonnin da Turanci yadda suka zo. Ta tambaye shi wa ke tsayawa gaban boilar, shi ko mutanen Ringim da Maraɗi? Shi ya sa take mayar da su Hausa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na zama mai gwaji. In na ce ban gane ba, sai ta goge.

Da damina ta kankama, sanyi ya shiga ƙashinta. Mahaifiyarta ta kira ni daga Dakata, ta ce don Allah in ƙwace kwamfutar nan. Na ce, "To Hajiya, ku kwantar da hankalinku." Na ajiye waya na tsaya ina kallon takalmin aikin Kamilu a bakin ƙofa. Aina'u nake so ta huta, aikin kuma nake so ya ƙare, ban san yadda ake haɗa biyun ba. Da na je mata da maganar, ta ce ko na ɓoye a tukunyar miya za ta nemo. Sai muka yi sharaɗi: ba za ta rubuta saƙo ba sai ta shanye kofin ruwan ɗumi. Ta sa min suna ƙaramar manaja.

Haka yammacin kwanakin nan suka riƙa wucewa, a hankali. Iska tana kawo ƙamshin sabulu daga can, Saudat tana barci a bayana, Aina'u tana karanto layi ido rabi a rufe. Wata rana ta ce ta yi mafarki tana tafiya cikin bututun boila, farin tururi ta ko'ina, kuma tunda take ba ta taɓa jin ɗumi mai daɗi haka ba. Na ƙara mata bargo.

Ranar da ta gama, ana yayyafi. Ta danna wani abu, ta daɗe tana kallo.

"Aikin ya hau," in ji ta. "Ki ce wa Baban Saudat in allo ya yi magana, kada ya jira oga."

Da la'asar ciwon ya tashi. Muka sa ta a adaidaita zuwa asibiti, kanta a kafaɗata, ba nauyi ko kaɗan. Washegari da hantsi ta cika, Hajiya na riƙe da hannunta.

A gidanmu aka yi zaman makoki, don Hajiya ta ce nan 'yarta ta zauna da mutane. Ranar sadakar uku ina raba waina a tsakar gida, sai aka ce Kamilu na sallama da ni a zaure. Lokacin tashinsa daga aiki bai yi ba. Na fita da gudu, na kama hannuwansa ina juyawa, gaba da baya. Lafiya lau.

Ya ce allon ne ya yi ja, ya rubuta cewa zafi ya wuce iyaka, a kashe wuta a matsa baya. Mutumin Maraɗin nan ne ya fara karantawa da ƙarfi. Suka kashe. Injiniya ya zo ya tarar wani bawul mai sakin tururi ya maƙale, aka sallami kowa sai an gyara.

Ya cire takalmi ya zauna cikin maza a tabarmar waje, suka ɗaga hannu suna yi mata addu'a. Na tsaya a bakin zaure da Saudat a goye. Ta saman rufin gidaje ana hango dogon bututun kamfanin, ba hayaƙi, wasu tantabaru sun sauka a bakinsa.