Janar Ba Runduna

A kan tankin ruwa na same shi da sassafe, daga shi sai singileti, ya ɗaga waya sama yana jujjuya ta.

"Baban Auta, sauko kafin ka fasa mana tanki," na ce.

"Ya ƙi buɗewa! Tun asuba nake fama, ya ƙi buɗewa!"

Maigidana tela ne, amma a cikin wayarsa Janar ne. Wani gem ne na yaƙi da ake bugawa ta intanet, yana da gari da sojoji da abokan yaƙi a ƙasashen da ko sunansu bai iya faɗa ba. In ka yi jinkirin leƙawa, sai a kai wa garinka hari. Shi ya sa ko abinci da hannu ɗaya yake ci, ido na kan waya. Auta, ƙaramar 'yarmu, ta fi sanin sanƙonsa a kan fuskarsa.

Makaniken da muke katanga ɗaya da shi, wanda shi ne mataimakin Janar a fagen fama, ya leƙo da ido jajur.

"Janar, sauko, ba daga wayarka ba ne. Guguwa ce ta taso daga teku can ƙasar da injinan gem ɗin suke. Ruwa ya shiga ginin, tashar wutarsu ma ta tsaya. Duk duniya kowa a tsaye yake."

"To garina fa?"

"Wanda zai kai maka harin shi ma yana can kan nasa tankin."

Na shige kicin na yi dariya har da hawaye, sannan na yi istigfari, domin can akwai bayin Allah da ruwa ya ci gidajensu na gaske. Na yi musu addu'a. Amma ƙarya nake in na ce raina bai yi fari ba. Da yamma namu ruwan ya sauko da iska, ya kayar da turakun wutar unguwa. Kafin gari ya waye batirin wayar ya mutu, Janar ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

*

Surukina, Baba Tsoho, a wurinmu yake zaune. Tela ne shi ma a zamaninsa, sai dai tsufa ya fara kwashe masa tunani. Ni "yarinya" yake kirana, jikokinsa wata rana ya gane su, wata rana ya tambayi 'ya'yan wane ne. Ɗansa kuwa, wato maigidana, tsohon ya daɗe bai kira sunansa ba. Likita ya ce a riƙa zama da shi ana yi masa hira, kada ɗan abin da ya rage ya zube. Zama kam Baban Auta yana yi, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma kai a sunkuye. Abin da ke cina ke nan: kada tsohon nan ya bar duniya bai sake gane ɗansa ba, ɗan kuma bai ma lura ba.

Da rashin wuta ya yi tsawo, keken ɗinki na lantarki ya zama kayan ado, ga wata malama ta matsa a kan rigunan ɗalibanta. Dole aka jawo tsohon keken Baba Tsoho na ƙafa daga ɗakin ajiya, aka kakkaɓe shi, aka kafa a falo kusa da taga. Maigida ya hau da isa, ya taka. Keke ya juya da baya, zare ya tsinke. Ya sake takawa, ya sake tsinkewa.

"Kai yaro!"

Duk muka waiwaya. Baba Tsoho ne, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba, ya miƙe daga kujerarsa yana dogara bango.

"Wane mugun ne ya koya maka? Da hannu ake fara juyo wilin, sannan ƙafa ta karɓa. Matsa!"

Ya ɗana masa ranƙwashi a tsakiyar sanƙo. Auta da yayarta suka zube ƙasa don dariya. Mutumin da ke ba runduna umarni ya sosa kai ya ce, "Tuba nake, Baba."

Ashe Baba Tsoho ya ɗauka sabon yaron shago ne. Hannuwan da ke rawa in zai ɗaga kofi, da suka taɓa keken nan sai suka nutsu. Ya ɗaure igiyar wili, ya ɗiga mai inda ya kamata, ya taka sau ɗaya, keke ya ɗauki waƙa.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin gidana kamar su ba. Yayar Auta ce mai riƙe almakashi, Auta mai tsince ƙyallaye tana yi wa 'yartsanarta zane. Ni kuma nakan jawo kujera in tsince shinkafa a gefensu, don kada a yi ba ni. Kullum da hantsi makanike zai leƙo kamar mai zuwa ta'aziyya, ya ce har yanzu shiru. Da farko maigida yakan yi tsaki, daga baya sai ya ce, "Allah ya kyauta," bai ko ɗago daga ɗinki ba. Na ga ashe yana da wushirya. Wallahi na manta.

Wata rana suna kafa wuyan riga, Baba Tsoho ya ce, "Yaro, kana ƙoƙari. Amma ina da ɗa, Tsinke, ya fi ka hannu. Siriri ne, iska ma kayar da shi take yi." Ya gyara wuyan rigar. "Ya yi tafiya. Ya daɗe bai dawo ba."

Ƙafar maigida ta tsaya a kan keke. Ya tashi ya fita bayan gida, ya dawo yana cewa ƙurar yadi ce ta shiga idonsa. Ni ma tawa ƙurar nake fama da ita.

Washegari ya kai ƙarshen wani ɗinki, almakashi yana hannun yayar Auta a waje, sai kawai ya sunkuya ya datse zaren da haƙori. Baba Tsoho ya ƙura masa ido. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tsinke! Har yau ba ka daina cizon zare ba? Sau nawa zan ce maka haƙoranka za su zube?"

Tiren shinkafa ya kusa suɓuce mini.

"Na'am, Baba," in ji maigida.

"Yaushe ka dawo? Wannan tumbin kuma a ina ka samo shi?"

Muka kwashe da dariya, har tsohon. Ya kama kunnen ɗansa ya ja, ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya yi ta kiran Tsinke, Tsinke, kamar mai tsoron kada sunan ya sake kuɓuce masa. Auta ta yi ta zagaya falo tana rera shi. A ranar maigida ya rantse mini shi da gem har abada.

*

Da rana tsaka aka kawo wuta. Yaran unguwa suka ɗauki ihu, fanka ta fara juyawa. Maigida ya sa waya a caji, wai saboda masu kawo ɗinki. Ba a jima ba sai ga kan makanike a bisa katanga.

"Janar! An gyara! Duk wanda ya shiga yau za a ba shi sabbin sojoji kyauta, kuma 'yan gabas sun riga sun taso mana!"

A lokacin suna kan rigar ƙarshe. Baba Tsoho ya daidaita aljihu a ƙirjinta, ya danne da ɗan yatsa, yana jiran a taka.

"Riƙe nan, Baba, yanzu zan dawo. Leƙawa kawai zan yi."

Ya tsaya a bakin ƙofa inda soket yake, ya sunkuyar da kai. Na je na ɗora ruwan shayi, ya tafasa, na kawo.

"Tsinke," in ji tsohon a hankali.

"Ina zuwa, Baba."

Shayi ya huce a kan tebur. Baba Tsoho ya dubi bakin ƙofa, ya daɗe yana duba, sannan ya juyo gare ni.

"Yarinya, wancan baƙon da ke tsaye, an ba shi ruwa kuwa?"

Yatsansa na nan a kan aljihun, bai ɗaga ba.