Taku Bakwai a Gonar Hedimasta

"Awaisu, in ka zubar da ni a kwata, sai na kai ƙararka wurin Mai Gari," in ji Malam Ubaidullahi daga cikin amalanke.

Ni ke tura shi, 'yarsa Lauratu na biye da lema tana mita. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma shi ne hedimastan farko na firamaren garinmu, can bakin titin Funtua zuwa Malumfashi. Wata biyu ke nan ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Amma da ya ji za a yanka filin makarantar fulotai, wai babu takardar da ta nuna iyakarsa, ya ce ko a makara sai an kai shi.

Muka tarar da Mai Gari da wakilin ƙaramar hukuma, riƙe da fayil, a gindin ɗorawa. Malam ya sa na yi ta zagayawa da shi, yana nuni da sanda, ana kafa reshen aduruku kamar yadda ake yi wa iyakar gona.

"Nan tsohuwar rijiya take. Ta nan ganuwa ta bi, tun ba a haifi uban mai fayil ɗin nan ba."

A gabas, inda filin ya haɗu da gonarsa, na ja na tsaya a bakin dawa.

"Tura," ya ce.

"Baba, gonarka ce fa," in ji Lauratu.

"Na sani. Tura, Awaisu."

Sai da na yi taku bakwai cikin dawar ya ɗaga sanda.

"Ranka ya daɗe, kowace damina garmata takan ɗan lashi filin yaran nan. Shekara talatin ina cewa baɗi zan mayar. To, ba ni da wata baɗi."

Dariya da hawaye suka taho mini tare, don mutumin nan ya taɓa zane ni a kan alli guda. Wakilin hukuma ya rubuta komai, bai yi musu ba. Wa zai ƙaryata wanda ya yanka daga nasa? Maganar fuloti ta mutu a wurin.

Bayan kwana tara, da hantsi, Lauratu ta yi sallama a zaurena, ta shaida mini Malam ya rasu. Allah ya sani na yi kewarsa.

Damina ta zagayo. Jiya na bi ta gabas, na tarar adurukun ya yi ganye. Inda dawar Malam take a da, 'yan aji uku sun rataya rigunansu a jikin adurukun suna buga ƙwallo.