Gajimaren da Ya Shanye Wuta

Wata biyar da mako biyu ta yi a kamfanin wutar sola, amma duk ofis ɗin babu mai kiran sunanta. 'Yar Gajimare suke ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Ranar da ta kama aiki aka ce ta yi wa manya bayanin sabon tsari. Ta miƙe ta ce daga yau kowane sashe zai daina ɓoye bayanansa a durowa, za a tara su wuri guda a intanet inda kowa zai gani. Manaja ya tambayi sunan wurin, ta ce masana gajimare suke kiransa. Kalmar ta yi wa Manaja daɗi ƙwarai, har ya sa aka buga ta a kalandar kamfani, tare da hotonsa yana nuna sama da yatsa.

Saura mako biyu a ba ta takardar tabbatar da aiki. A kan takardar nan komai ya rataya, don sai da ita za ta ci gaba da zama a ɗakuna biyun da aka ba ta a gidajen ma'aikata. Ta riga ta ɗauko mahaifiyarta daga gidan haya mai yoyo. Tsohuwa har ta kafa ƙusa a bango ta rataye madubinta, ta shiga gaya wa maƙwabta cewa 'yarta ce ke riƙe da wutar garin nan.

Maganar raba bayanai kuwa, a taro kowa ya yarda, kowa ya tafa. Da aka watse, sashen gyara suka ce fayil ɗinsu yana hannun wanda ya tafi hutu. Sashen mita suka aiko da hoton takarda an ɗauka a karkace, babban yatsan wani ya rufe rabin lambobin. Sashen wanki ne kaɗai ba ya saɓa alkawari. Duk Litinin rahotonsu zai shigo, layi ɗaya tak: an wanke farantan sola duka. Shugaban sashen ƙanin matar Manaja ne, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, wanda ruwa bai taɓa ɗiga a takalminsa ba.

Sai wuta ta fara ja da baya. Kullum ta duba allon kwamfutarta, layin da ke nuna ƙarfin wuta ya ƙara gangarowa. Asibiti suka bugo waya, masu injin niƙa suka bugo, masu walda kam da ƙafarsu suka zo. Ta hau babur ta nufi filin farantan a bayan gari, abin da ta gani ya sa ta riƙe baki. Farantai jere reras, kowanne tattabaru sun yi masa farin fenti da kashinsu. Ta sa farce ta kankara, ya bushe ƙamas kamar siminti. Tankin ruwan wanki na tsaye a gefe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin famfonsa.

Kafin ta dawo an kira taron gaggawa. Ciyaman na kamfanin ya zo da kansa, dattijo mai gyangyaɗi wanda ba ya farkawa sai ya ji an ɗaga murya. Manaja ya juya ga surukinsa ya ce, "Kai ne ke fili kullum. Me ya shanye mana wuta?"

Shugaban wanki ya gyara zama, ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ni dai abin da na lura, gajimare ne."

Bai dai ce wanne gajimaren ba.

Ta san ba a taɓa surukin Manaja a gaban jama'a, don haka ta ga gara ta bi ta gefe. Ta kunna allon bango ta nuna musu bayanan yanayi. "Ranka ya daɗe, ga shi nan. Kwana tamanin da uku sama na tangaran, ko ɗigon gajimare babu. Rana tana nan yadda take. Ke nan matsalar a wani wurin take."

Manaja ya buga tebur, har Ciyaman ya zabura. "Madalla! Kin ji bakinki ko? A sama babu gajimare. To a kamfanin nan gajimare nawa gare mu?"

"Yallaɓai, wancan suna ne kawai. Na'urori ne a wani gini can nesa..."

"Na'urorin da me suke aiki?"

"Da wuta, amma ba tamu..."

"Da wuta!" Manaja ya dubi mutanen teburin ɗaya bayan ɗaya. Shugaban sashen mita ya gyaɗa kai, ya ce shi ma tun da aka kawo abin nan yake jin fankar ofishinsa ba ta juyawa kamar da. Shugaban gyara ya ce ai shi ya sa bai ba da fayil ɗinsa ba, jikinsa ne ya ba shi.

Nan ranta ya ɓaci, tsoro ya kau. Ta ciro waya ta ce, "Kashin tattabaru ne. An yi watanni ba a wanke farantan nan ba. Yanzu na dawo daga can, ga hotuna."

Ta tura wayar tsakiyar tebur. Manaja bai ko kalli wayar ba. A hankali ya ce, "'Yata, buɗe mana rahoton wanki a gajimaren naki."

Ta buɗe. Litinin ashirin da biyu a jere, an wanke farantan sola duka.

"To," in ji Manaja. "In abin nan gaskiya yake faɗa, an wanke, kin yi wa bawan Allah ƙazafi. In kuma ƙarya yake yi, me muke yi da shi? Zaɓi ɗaya."

Kafin ta zaɓa, Ciyaman, wanda ya ƙosa ya tafi, ya yanke hukunci: a kashe gajimare na mako guda a gani. Ya ƙara da cewa haka ake binciken kimiyya. Da hannunta ta kashe.

Washegari da safe tana kan hanyar ofis, tankokin ruwa uku suka wuce ta, bayansu mota cike da leburori da burushi masu dogon mariƙi. Ta tsayar da babur a gefen titi ta bi su da kallo har suka karya kwanar filin. Kwana biyu suna kankara. A rana ta uku wuta ta dawo da ƙarfinta, masu walda suka aiko da godiya, fankar shugaban mita ta koma juyawa. Babu inda aka rubuta zuwan tankokin, don wurin rubutawa a kashe yake.

Ranar Litinin aka tara ma'aikata a tsakar kamfani. Manaja ya yi jawabi a kan tafiya da zamani cikin hikima, ya ce kamfani ya gwada fasaha ya ɗauki darasi. Aka yaba wa shugaban wanki saboda kaifin idonsa. Shi kuma ya ratso taro ya same ta, ya ce, "Ƙanwata, kada ki sa a ranki. Kowa yana kuskure."

Bayan an watse sakatare ya kira ta ofishinsa yana sosa ƙeya. Takardar sallamarta ce a kwamfuta, firinta ta ƙi bugawa, kuma babu wanda ya san kanta. Ta durƙusa ta gyara wayar firintar, takarda ta fito da ɗuminta. Layin ƙarshe ya ce ta miƙa makullan gida cikin kwana bakwai.

Da ta isa gida ta tarar da mahaifiyarta a ƙofa da maƙwabciya, fanka na kaɗawa a ɗaki. Tsohuwa ta hango takarda a hannunta, fuskarta ta washe.

"Ba na gaya miki ba?" ta ce wa maƙwabciyar. "Ta gyara musu wuta, ga shi har sun ba ta takardar tun kafin lokaci. Kawo nan, 'yar albarka, in riƙe ta da hannuna."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙanƙame takardar a ƙirjinta. Tsohuwa ba ta iya karatu ba, amma maƙwabciyar ta iya, kuma har ta miƙo hannu.