Zanen Bakanike a Bangon Kantin Agogo

Fitila bakwai ke haska agogo guda a cikin akwatin gilashi, amma tsohuwar da ta shigo kantin ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na kan wata takarda da tsufa ya rina, an yi mata firam an rataye a bangon kantin. Kusurwarta ta dama a ƙone take, da shatar bakin dutsen guga. 'Yarta ce ta nuna mata hoton takardar a tallar kantin a waya, tun daga ranar abinci bai ƙara yi mata daɗi ba.

"Asalin zanen agogon ke nan, Mama," in ji mai jiran kantin, muryarsa a tausashe. "Marigayi mai kamfaninmu direban motar tsere ne, da hannunsa ya zana. Fuskar agogon mitar gudun motarsa ce, jan hannun nan kuma allurarta. Hujojin madaurin kuwa daga safar hannun direbobi..."

"Safar wa? Rufe min baki, ɗan nan. Kira min babbanku."

Manajan ya fito yana gyara ɗamarar wuya, ya nuna mata kujera. Ta ƙi zama.

"Mai kamfaninku ko layi miƙaƙƙe bai iya ja ba," ta ce. "Tuƙi ya iya, da ɗaukar hoto. Mijina ne bakanikensa, shekara goma sha tara yana kwance a ƙarƙashin motar nan. In ya dawo gida ya wanke hannu, sai ya hau kwance tsofaffin agoguna a kan teburin cin abincinmu. A nan ya zana wannan. Ruwa ya jiƙa takardar a aljihunsa, ni na goge ta da dutsen guga, na ƙona gefen. Kwana biyu bai yi min magana ba."

"Mama, a takardunmu..."

"Hujojin kuma ni ce, da ƙusa. A wuta na gasa ta na huda fatar madaurin agogonsa, don zufa tana fito masa da ƙuraje a wuyan hannu. Bakwai na yi, na ƙarshe ya karkace. Duba naku."

Manajan ya sunkuya kan gilashin. Ya daɗe a sunkuye yana ƙirga hujojin, sannan ya ɗago yana share goshi.

"To me kike so mu yi miki?"

"Ni ba a yi min komai. Mijina ya kai takardarsa ofis yana murna kamar yaro, aka ce an gode, aka mai da shi ƙarƙashin mota. Har ya mutu bai taɓa ɗaura irin agogon nan naku ba, kuma bai taɓa zagin kowa ba. Ni ce mai bakin. Sunansa nake so a ƙasan zanen nan, da manyan baƙaƙe, yadda mai wucewa zai gani."

Ta faɗi sunan sau biyu, a hankali, ta tsaya a kansa har ya rubuta. Ya ce ta dawo bayan mako guda.

Ranar da makon ya cika, ta sa tufafinta na fita biki. Ta sa 'yarta ta ɗauki hutu daga wurin aiki, tunda ita ba ta karatu, kuma ba ta yarda wani ɗan kanti ya karanta mata ba.

Tun daga bakin ƙofa ta ga bangon. Hoton wata jar mota ne a gurbin takardar, babba, yana ƙyalli.

"Lauyoyin kamfani ne suka ce a sauke," in ji mai jiran kantin, kansa a ƙasa. "Tunda akwai jayayya a kai. An kulle ta a ma'ajiya. Manaja kuma yana taro."

"Sai yaushe za a fito da ita?"

Ya murza yatsunsa, ya koma goge gilashin akwatin.

'Yar ta riƙe jakarta gam, tana jiran tashin hankalin da ta saba gani tun tana ƙarama. Amma sai tsohuwar ta ja kujerar da ke gefen akwatin ta zauna, ta ɗora hannuwa a kan gwiwoyinta.

"Inna, tashi mu tafi."

"Bari ƙafata ta huta." Ta ɗan jima tana duban motar. "Kin san ranar nan faɗa ya ɗauke min hankali. Ban tsaya na kalli takardar da kyau ba."