Awa Ɗaya a Ɗakin Gwaji

Laraba Tamada ta yi shekara bakwai tana gwajin jini a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Yelwa kafin a kore ta. Wata Litinin ce wani masunci daga Ngaski, Sahabi, ya kawo matarsa da zazzaɓi. Laraba ta duba jinin, ba ta ga ƙwayar cizon sauro ba, ta buga sakamako. Bayan kwana uku jikin matar ya tsananta, aka wuce da ita babban asibiti. Sahabi ya dawo yana faɗa, yana cewa ba a ma duba jinin ba.

Likita Ɗanbaba, mai asibitin, ya sa aka kawo takardu. Katin shiga ya nuna tara da minti biyar, takardar sakamako kuma takwas da minti arba'in. An buga sakamako kafin mara lafiya ta iso ke nan. Laraba ta rantse, ta ce a duba agogon kwamfutar da ta buga sakamakon. Jabiru, ƙanin matar likita, wanda ke kula da na'urorin, ya kunna ta a gaban kowa, agogo ya nuna daidai. Ranar ta tattara kayanta.

Maganar ta riga ta isa ƙauyensu. A coci mata suka daina tambayar ta shawarar magani. Innarta ta ce ta bar wa Allah. Laraba ba ta yi mata musu ba, amma ba ta bari ba.

Ta samu aikin buga takardu a shagon Bilyaminu, mai gyaran kwamfuta kusa da kasuwa. Bayan wata huɗu wani malamin makaranta ya kawo tasa, yana ƙorafin cewa kullum tana cinye masa awa ɗaya. Laraba tana daga gefe ta ji bayanin. Bilyaminu ya ce manhaja biyu ke cikinta, Windows da Linux, amma agogon cikin ƙarfen guda ne. Linux tana ajiye lokacin duniya a cikinsa, wanda namu ya gabata da awa ɗaya, Windows kuwa sai ta karanta shi a matsayin lokacin gida. Idan babu intanet, haka za ta zauna a baya sai an gyara da hannu.

Da ya kunna ta, baƙin allo ya fito da layi biyu, na sama Windows, na ƙasa Linux. Laraba ta san allon nan, irinsa ke fitowa a kwamfutar ɗakin gwaji. Jabiru ya taɓa ce mata kada ta damu da shi, ta riƙa danna na sama kawai. Shi ne kuma ke zama a ɗakin gwaji ranakun Lahadi, wai yana karatun da yake yi ta intanet.

Ta tambayi Bilyaminu ko na'ura tana tuna wanda ya taɓa agogonta. Ya ce tana rubutawa, har da ranar da mintin.

Ba ta je wurin likita a ɓoye ba, ko da yake hakan ya fi sauƙi. Ta jira taron ma'aikata na ƙarshen wata, ta hau mota har Ngaski ta samo Sahabi a bakin ruwa yana ɗinke komarsa ta kamun kifi. Matarsa ta warke, ashe zazzaɓin taifot ne. Da kyar ya yarda ya biyo ta.

Jabiru ya samu labari da safen taron. Ya tare ta a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce tsoro ya ji a lokacin, domin likita bai san ya saka wata manhaja a na'urar asibiti ba. Kullum yana gyara agogon idan ya gama, wannan karon ya manta. Ya ce zai yi wa yayarsa magana a maido ta aiki, ba sai an tara mutane ba.

"Malam Jabiru, ran da anka kore ni mutum nawa ne cikin ɗakin nan?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Sha ɗaya. Yau ma sha ɗaya nika so, ga Sahabi na sha biyu."

A gaban kowa Bilyaminu, wanda ta gayyato, ya kunna kwamfutar ɗakin gwaji ya danna layi na biyu, sunan Jabiru ya fito. Likita ya ce wa Jabiru ya shiga ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa kamar yadda ya saba. Ya yi hakan. Da aka koma Windows, agogon bango yana sha ɗaya, na kwamfuta yana goma. Sannan Bilyaminu ya buɗe tarihin na'urar. An tura agogo gaba da awa ɗaya, da hannu, a waccan Litinin ɗin, bayan Laraba ta tashi daga aiki.

Sahabi ya cire hularsa ya roƙe ta gafara, ta ce babu komai tsakaninsu. Likita ya ce ta dawo aiki gobe, maganar Jabiru kuma a bar masa, ta gida ce.

Laraba ta ce a'a. Ba za ta dawo ba sai Jabiru ya je ƙauyenta ranar Lahadi, bayan an fito daga coci, ya faɗa da bakinsa. Matar likita ta aiko sau biyu a rufa wa ƙaninta asiri. Har innarta ta ce abin ya isa haka. Ba ta sauya ba.

Ya je, a kan babur, cikin farar riga. Ya tsaya ƙarƙashin ɗorawa ya yi bayani yana ta maimaita awa ɗaya, awa ɗaya. Tsofaffi ba su gane zancen agogo biyu ba, amma sun gane cewa ya sani ya yi shiru. Laraba na tsaye kusa da shi. Da muryarsa ta yi ƙasa, sai ta ce ya ɗaga, na baya ba su ji ba.