Makullin Mai Gyaran Agogo

Gyaran agogo yake yi, a zamanin da kowa ke duba lokaci a waya. Rashin ciniki ne ya ba shi sukuni har aka naɗa shi cikin masu kula da kundin ilimi na intanet, irin wanda kowa ke iya rubutu a ciki. Ba albashi, sai makullin toshe masu ɓarna. Da makullin nan yake cika baki a gida.

Gwanin kundin kuwa wani ne da ba a taɓa ganin fuskarsa ba, mai kiran kansa Gauraka. Shi ya rubuta shafukan tsuntsaye, tsaf, da hujjoji. Ran nan sai ya bar tsuntsaye ya sauka a shafin zabiya, masu farar fatar nan, ya rubuta wai haihuwarsu annoba ce ga gida, kuma cin abinci da su na sa ciwo. Aka goge, ya mayar. Aka sake gogewa, ya mayar, har da gyara waƙafi.

Mai gyaran agogo ya karanta a shago. Ya doki tebur, ƙananan sukurorin agogon mutane suka watse a ƙasa. Yana cikin huci matarsa ta shigo da abincin rana, ta naɗe laimarta, fuskarta jawur saboda rana. Zabiya ce.

"Malam, wa ya mutu?"

Ya miƙa mata wayar. Ta matso da ita dab da ido, ta karanta har ƙarshe.

"To, kai da makulli, me kake jira? Ko na banɗaki ne?"

"Akwai doka. Wanda magana ta shafa ba ya yanke hukunci. In ya yanke, a karɓe makullinsa."

"Wane mara aikin yi ne ya rubuta wannan?"

"Ni."

Ya kai ƙara zauren tattaunawa na kundin. Wani ya ce a yi haƙuri, ra'ayi ba laifi ba ne. Wani ya ce in aka kori Gauraka, wa zai ƙarasa shafin mujiya? Mujiya! Ana zagin matarsa a shafin da 'yan makaranta ke kwafa, su kuwa mujiya suke wa kuka.

Sai kawai ya toshe Gauraka, ya goge ƙazantar, ya kulle shafin. Sannan ya rubuta a zauren: "Matata zabiya ce. Kwano ɗaya muke ci tun aurenmu, ciwon da nake da shi ciwon baya ne. Na karya dokata, ku yi aikinku."

Suka yi kuwa, da saurin da bai san suna da shi ba. Aka karɓe makulli, har da godiya bisa gudummawarsa. Amma a cikinsu ba wanda ya iya sa hannunsa ya buɗe wa Gauraka.

Yana durƙushe yana tsintar sukurori matar ta buɗe kwano, ta tura gabansa.

"Ci, tsohon shugaba. A hankali dai, kar ka kamu."