Garuruwa Biyar Cikin Kwana Tara

Shekara uku ina neman hutun sati biyu a jere kafin shugabar sashenmu ta sa min hannu. Ni mai ba da magani ce a asibiti. Daga takwas na safe zuwa huɗu ina tsaye a bayan wata 'yar taga, ina fama da rubutun likitoci, ina maimaita wa mutane "biyu da safe, biyu da yamma, bayan an ci abinci" har muryata ta dushe. In na koma gida kuma ɗanmu yana jirana. Shekararsa biyu da wata uku. Manaja muke ce masa, don tun ranar da ya iya nuna abu da yatsa, babu wanda ya ƙara yin iko a gidan sai shi.

Abin da na roƙi mijina ba shi da yawa. Na ce mu fita ƙasar waje, gari guda a bakin teku, ɗaki mai ɗan kicin inda zan dafa wa yaro abin da ya saba ci. Kwana tara. Ba na neman ganin komai, in dai zan ga ruwa, in taka yashi, in yi barcin rana.

Ya ce, "An gama. Ki bar min tsarin tafiyar, ke dai ki huta."

Mijina injiniyan hanyoyi da gadoji ne. Kowa Injiniya yake ce masa, ni kuwa sai raina ya ɓaci nake kiransa da haka. Na bar masa tsarin kamar yadda ya nema, amma ni na bi layin fasfo ɗin yaro sau biyu, ni na riƙe shi a shagon mai hoto yana zillo kamar kifi har aka samu hoto ɗaya da bakinsa ke rufe, ni na kai shi allurar da ake buƙata. Ban yi ƙorafi ba. Ina ta ce wa kaina ai akwai teku a gaba.

Saura sati uku tafiya, ranar Alhamis da yamma, na dawo daga aiki na tarar da takardu huɗu manne a ƙofar firij, an ja musu layuka da launi-launi. Ban ko cire takalmi ba na tsaya karantawa. Rana ta farko: sauka ƙarfe shida da arba'in, ajiye kaya, tara daidai gidan tarihi, sha ɗaya da rabi hasumiya mai matakala ɗari uku. Rana ta biyu jirgin ƙasa. Rana ta huɗu wani jirgin ƙasan. Na ƙirga garuruwa, biyar cif. Tekun kuwa sai a rana ta takwas na gan shi, daga ƙarfe uku zuwa biyar.

Ya fito daga ɗaki yana murmushi, hannu a aljihu, yana jiran yabo.

Na ce, "Injiniya, wannan mene ne?"

"Hutunmu mana. Dare uku na yi a kansa. Babu minti ɗaya da zai tafi a banza."

"Ni kuwa mintin banzan na je nema. Ina barcin yaro?"

"Ai na sa." Ya matso ya dangwala yatsa a wani layi shuɗi. An rubuta: ɗaya zuwa ɗaya da minti ashirin, barcin Manaja, a cikin jirgin ƙasa.

Ina shirin magana idona ya faɗa kan wasu jakunkuna biyu ƙatti a bayan kujera, an ɗaure bakinsu da igiya. Ya ga inda nake kallo, ya fara sosa ƙeya. Ashe na Yaya ne, babbar yayarsa. Ɗanta yana karatu a ƙasar da za mu, shi ne ta kawo saƙo. Garin da ɗan yake kuwa shi ne na huɗu a takarda.

Na ce, "Au, wato ni da na shekara uku ina roƙon hutu, dako aka ɗauke ni? In goya yaro, in tura kekensa, in ja jakar Yaya a tasha?"

"Ki rage murya, Maman Manaja. Yaya ce fa. Me zan ce mata?"

"Ka ce mata a'a. Kalma ce ƙarama, ɗanka ma ya iya ta."

Kamar ya ji ana maganarsa, Manaja ya taho da gudu ya fizge takardar ƙasa ya cusa a baki. Uban ya bi shi yana "kawo, kawo", ya karɓe ta a jiƙe. Ya juyo yana goge ta a wando ya ce ni matsalata ina ɗaukar yaron nan kamar wani zaki, alhali yaro duk inda aka kai shi zuwa yake yi.

Nan ne zuciyata ta kawo wuya. Na ce, "To madalla. Jibi Asabar ina aiki, mai rainonsa kuma ba ta zuwa. Ɗauki rana ɗaya daga takardarka ka gwada ta a garin nan. Gidan tarihi muna da shi, dogon bene mai matakala muna da shi, bas ga ta nan maimakon jirgin ƙasa. In kun dawo ƙarfe biyar yadda ka rubuta, na yarda, har jakar Yaya ni zan ɗauka a ka."

Ya yi dariya ya ce abu mai sauƙi.

Ranar Asabar na fita ban haɗa masa jakar yaro ba. Hannuna ya kai kanta sau biyu ina janyewa. Ƙarfe tara da kwata ya turo min hoto, su biyu a ƙofar gidan tarihi suna washe baki, ya rubuta "komai daidai da lokaci". Na kife wayar na ci gaba da aiki. Wajen sha ɗaya saura ta yi ta ruri a aljihuna, kira huɗu a jere, ga layi har bakin ƙofa. Ban ɗauka ba. Ba zan yi ƙarya ba, ko babu layin ma da wuya in ɗauka.

Sha biyu da rabi ta wuce, ina miƙa wa wani dattijo maganin hawan jini, na jiyo wani ihu daga ƙarshen baranda. Ko cikin yara dubu na san wannan ihun. Mutane suka dare. Sai ga Injiniya, rigarsa fara ta koma taswira da madara da wani abu ja, keken yaro a naɗe a hammata, yaron a ɗaya hannun ya sanƙare kamar katako, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya wuce layin gaba ɗaya ya zo ya tsaya a tagata.

Ya ce, "Kin kyauta. Sau huɗu ina kira."

Na ce, "Malam, akwai layi."

Wata tsohuwa da ke gaba ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, yaron nan barci yake ji. Uwarsa ba ta gaya maka ba?"

Ya ce, "Ga uwar nan, Baba, tambaye ta."

Abokiyar aikina ta ture ni gefe tana danne dariya ta ce in je, za ta riƙe tagar. Na buɗe musu ƙofar baya muka shiga ɗakin ajiyar magani, inda kwalaye suka kai rufi, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Na karɓi yaron. Famfas ɗinsa ya yi nauyi kamar bulo. Na buɗe jakar da uban ya haɗa: famfas ɗaya tak, an riga an yi amfani da shi an naɗe, biskit rabin leda, da takardar jadawali a cikin leda mai kyau don kada ta jiƙe.

Injiniya ya fara zuba bayani. A gidan tarihi yaron ya kutsa ƙarƙashin igiya ya rungumi wata tukunya, mai gadi ya raka su waje. A matakala ta goma sha biyu ya zauna ya ce ba ya hawa, ba ya sauka, ba a ɗaukarsa. A bas ya jefa takalminsa ta taga. Ya ce, "Kin san haka za ta faru kika bar ni. Tarko kika ɗana min."

"Tarko? Wannan tarkon a cikinsa nake kwana nake tashi shekara biyu. Kai awa huɗu ka yi ka zo kana min tsawa a gaban marasa lafiya." Ina magana ina canza wa yaron a kan kwali da famfas ɗin da nake ajiyewa a jakata. "Ƙarfe nawa yake barci?"

Ya kai ido kan takardar jadawalin.

"Me yake riƙewa kafin ya yi barcin?"

"Ai... motarsa."

"Ɗan tawul ɗinsa mai ruwan ƙwai. Yana kan igiya a baranda, ka wuce shi da safe. Ka san nauyin da gada za ta ɗauka, ba ka san awa nawa ɗanka yake iya yi a farke ba, amma ka zauna ka ba shi minti ashirin kamar mai ba leburori hutu. Ka ce in bar maka in huta. Wa ya yi fasfo? Wa ya kai shi allura? Abu ɗaya na roƙa, ɗaya, ka kai min shi rana ta takwas!"

Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ban san muryata ta kai haka ba sai da na ji an ƙwanƙwasa bango daga waje. Na cire ɗankwalin da ke jakata na ba yaron ya damƙe, ya tura babban yatsa a baki, kukan ya koma sheshsheƙa.

Injiniya ya zauna a kan wani kwalin maganin ƙarin jini, ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana muryarsa ta sauka, amma fushin bai gama fita ba.

Ya ce, "Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa fita ƙasar nan ba. Akwai wata gada a gari na uku, wadda aka rataye da igiyoyin ƙarfe. Tun ina ɗalibi hotonta ke bangon ɗakina. Na ga in ban gan ta yanzu ba, ban san ranar da zan ƙara samun dama ba. Da na sa ta, sai na ga kunya ce a ce don gada kawai na ja ku, shi ne na ƙara sauran."

Na tsaya ina kallonsa. Wani ɓangare na zuciyata ya yi laushi, ɗayan kuwa ƙara tafasa ya yi.

Na ce, "Wato gada ɗaya ka ɓoye a cikin garuruwa biyar? Bakinka ciwo yake da ba za ka gaya min ba? Ni dodo ce?"

"Yau dai kam..."

"Kada ka ƙarasa."

Bai ƙarasa ba. Na ɗora masa yaron a ƙirji, na gyara masa hannu yadda zai tallafe kan, na gaya masa yadda za a yi. Gari ɗaya, ɗaki ɗaya, bakin teku. Rana guda ya tashi da sassafe ya hau jirginsa shi kaɗai ya je ya ga gadarsa, ya shafa ta, ya yi hoto da ita in ya so. A madadin haka kowace rana daga sha biyu zuwa uku yaro nasa ne, ni ban san su ba. Ya ce ya yarda.

Na ce, "Saura Yaya. Kira ta."

"Yanzu?"

"Yanzu. A gabana, kuma ka buɗe murya in ji."

Ya ciro wayar da hannu ɗaya kamar mai ɗaukar garwashi. Suka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi mijinta, ya tambayi ƙafarta, har sai da na harare shi. Sannan ya ce mata ba za mu je garin ɗanta ba, kayan kuma zai kai kamfanin aika saƙo da kansa ranar Litinin.

Yaya ta ce, "Matarka ce ko? Na san ba za ta wuce ita ba. Jaka biyu ce ta gagare ta?"

Shekara shida da aurenmu, duk lokacin da aka zo irin wannan gaɓar, "kin san halin mata, Yaya" yake cewa ya zame ya bar ni a ciki.

Ya dube ni, ya dubi rigarsa, ya ce, "A'a Yaya, ni ne. Yau na fita da yaron nan ni kaɗai. Ko takalminsa ban iya dawowa da shi ba, balle jakarki."

Ta ce ai shi ke nan, ta gode, ta ga matsayinta, ta kashe wayar. Sai da ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, har muka je muka dawo, kuma ban rame ba.

Lokacin da ya ajiye wayar Manaja ya riga ya yi nisa, bakinsa a buɗe, yawu yana zuba a wuyan ubansa. Injiniya ya yunƙura zai gyara zama na ɗaga masa yatsa.

Na ce, "In ka motsa ya farka, kai da shi. Awa ɗaya da rabi aƙalla."

"A kan kwalin nan? Bayana fa?"

"Bayanka zai saba."

Shugabar sashenmu ta leƙo, ta ga namiji a ɗakin ajiya, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga yaron da rigar. Ta rufe bakin ta ce min layi ya kai waje. Na wanke hannu na gyara farar rigata. Ina kama ƙofa ya kira ni da raɗa, ya ce tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ko ruwa ne in taimaka masa.

Na ce to. Na koma tagata na karɓi takardar mutum na gaba. Sai da na sallami mutum goma sha ɗaya, a natse, ina yi wa kowa bayanin maganinsa dalla-dalla, sannan na kai masa ruwan.